Babi na Bakwai: Maƙwabtan Gidan Rediyo

Daga ƙarƙashin gadar Obalende, inda motocin danfo ke lodi dare da rana, zuwa ƙofar gidan Rediyon Najeriya da ke kan titin Ikoyi, tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintoci. Barikin Dodan ma yana nan kusa, kuma daga can aka mulki ƙasar nan tun 1966 har zuwa lokacin da aka koma Abuja a Disambar 1991. Wannan maƙwabtaka ta sa mutanen unguwar sukan riga kowa sanin cewa gari ba lafiya, domin kafin a saki taken soja a akwati su sun riga sun ga motocin yaƙi a kan titi. Daga gidan rediyon nan Kanar Joe Garba ya sanar da kifar da gwamnatin Gowon ran 29 ga Yuli, 1975. Daga nan kuma Laftanar Kanar Buka Suka Dimka ya yi magana a safiyar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976, bayan an harbe Janar Murtala Muhammed a hanyarsa ta zuwa ofis.

Sanarwar da ta fi tsaya wa Hausawan Legas a rai kuwa ita ce ta Lahadi, 22 ga Afrilu, 1990, ana cikin goman ƙarshe na azumi. Manjo Gideon Orkar ya shiga gidan rediyon ya ce an cire jihohi biyar daga Najeriya, wato Sakkwato, Borno, Katsina, Kano da Bauchi, kuma 'yan asalinsu su tattara su koma gida cikin mako guda. Mai tukuba a Obalende, ɗan canji, maigadi a gidajen Ikoyi, tsohon soja da ya haifi 'ya'ya da jikoki a Ikko, wato Legas, duk da su ake. Da Turanci aka yi maganar, saboda haka da yawa sai da suka nemi mai fassara musu. Juyin mulkin bai kai dare ba ya wargaje. Amma halin da aka gani a wannan safiya har yau bai gama sauyawa ba: maganar da ta fi shafar Bahaushen Legas takan tashi ne daga kusa da shi, cikin harshen da ba nasa ba, ta iso masa ta bakin wani.

Hausawa ba baƙin jiya ba ne a Ikko. A 1863 John Hawley Glover ya kafa 'yar rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover, wadda ta zama ɗaya daga cikin tushen sojan Najeriya. Obalende da sojoji da 'yan sanda da iyalansu ta girma. Agege kuwa goro da jirgin ƙasa suka raya ta. Layin dogon da aka fara shimfiɗawa daga Legas a 1896 ya isa har Kano, sai fatake suka riƙa sayen goro daga gonakin Yarbawa na kewayen Agege suna lodawa Arewa, shanu kuma suna gangarowa. Zango ya kafu, aka naɗa Sarkin Hausawa, aka gina masallatai da makarantun allo. Daga baya aka samu Idi-Araba, kasuwar kayan gwari ta Mile 12, Alaba Rago, Ijora, Apapa da mayankar Oko-Oba.

Rediyo ya tarar da su a nan. A farkon shekarun 1930 Turawa suka fara jono shirye-shiryen BBC zuwa Legas, ana rarraba su ta waya zuwa akwatunan da ake kafewa a bango a biya kuɗin haya. Kano ta samu irin wannan a 1944. A 1951 aka kafa hukumar watsa labarai ta ƙasa, ta zama NBC a 1957, sannan FRCN, wato Rediyon Najeriya, a 1978.

Sai dai kunnen Bahaushen Legas ba Ikoyi ya fuskanta ba, Kaduna ya fuskanta. Gidan rediyon da gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe a 1962 ya riƙa isowa har bakin teku a kan gajeren zango, kuma shi ya riƙe zumunci tsakanin ɗan ci-rani da gida shekara da shekaru. Mutum ya sayi katin zaɓi sonka, ya cika shi da sunayen mahaifiya da ƙanne da abokan wasa, ya saka a gidan waya, sannan ya yi ta dakon ranar da za a karanta. Idan aka karanta, ƙauye guda ya san cewa wane yana raye a Ikko kuma yana gaisuwa. Wasan Samanja, Jakar Magori, waƙoƙin Shata da Ɗankwairo da Ɗanmaraya, duk ta wannan hanya suka riƙa shiga runfunan shayi na Obalende da Agege. A gefe guda ga Sashen Hausa na BBC tun 13 ga Maris, 1957, ga Muryar Jamus tun 1963, ga Muryar Amurka tun 1979. Da Rediyon Faransa ya buɗe nasa sashen Hausa a 2007, a Legas ya kafa ɗakin labaransa, a harabar Muryar Najeriya da ke Ikoyi, wato dai a maƙwabtan Obalende.

Abin da wannan ya haifar shi ne mai sauraro mai faɗin sani. Zauna a teburin mai shayi bayan sallar isha'i ka ji yadda ake warware rikicin Sudan, ana kawo sunayen janar-janar na Nijar da Mali da Burkina Faso, ana muhawara a kan siyasar Kano dalla-dalla. To amma a tambayi ranar da motar shara ke zuwa layin, ko sunan kansilan mazaɓa, ko abin da sabuwar dokar jiha ta ce game da sana'ar da ake ci da ita, sai a yi ta 'yan kame-kame. Wannan ba laifin mai sauraro ba ne, kuma ba laifin tashoshin ƙetare ba ne. Tashar da ke magana da Hausawa daga Agadez zuwa Kumasi ba za ta tsaya a kan lambatun da ya toshe a wani layi na Agege ba, sai ranar da ya ci rai. Aikin tashar gari ne. Lamarin ya zama tamkar magidancin da ke jin duk abin da ake yi a kasuwa amma kukan da ke tashi a tsakar gidansa ba ya iso masa.

An yi ƙoƙarin toshe wannan giɓi. A ƙarshen shekarun 1980 FRCN ta buɗe tasha ta uku a Legas domin talakawan birni, da Yarbanci da Igbo da Hausa da Turancin buroka. Ita ce yanzu ake kira Bond FM, a kan mita 92.9, daga Ikeja. Tunanin da ya haife ta mai kyau ne, kuma ma'aikatan Hausa da suka yi aiki a cikinta sun cancanci yabo, domin ta bakinsu sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa da cigiyar yaro da tafsirin azumi suka samu shiga iska a Legas. Sai dai harsuna huɗu ne a kan mita ɗaya, kuma Yarbanci ne ya fi rinjaye, kamar yadda masu jinsa suka fi yawa. Tashoshin gwamnatin jiha da ke Agidingbi, wato Radio Lagos a kan 107.5 da Eko FM a kan 89.7, da kuma tashar cunkoson hanya ta 96.1 da gwamnatin Fashola ta buɗe a 2012, Yarbanci da Turanci ne ginshiƙinsu. Babu mai hankalin da zai yi ƙorafi a kan haka. Legas ƙasar Yarbawa ce, har doka jihar ta yi a 2018 domin kare harshen. Abin tambaya shi ne ko gwamnatin da ke son a bi dokarta tana faɗa wa kowa dokar yadda zai fahimta.

A harkar muhalli wannan tambaya ta fi fitowa fili, domin kusan duk sana'ar da ɗan Arewa ya fi yi a Legas tana goga kafaɗa da shara ko ruwa ko hanya.

A Janairun 2024 gwamnatin jiha, ta bakin kwamishinan muhalli Tokunbo Wahab, ta haramta farin mazubin nan na roba mai laushi da ake zuba abinci a ciki, saboda yadda yake cika magudanu. A Yulin 2025 aka faɗaɗa haramcin zuwa wasu robobi da ledojin da ake amfani da su sau ɗaya a yar. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa leƙa magudanar MacGregor da ta ratsa ta Obalende bayan an yi ruwa, ko wanda ya tuna ambaliyar 10 ga Yuli, 2011. Amma wa ke zuba abinci a wannan mazubi? Mai soya indomi da ƙwai, mai masa, mai shinkafa da wake, yaron mai suya. Mutumin da jarinsa bai taka kara ya karya ba yana buƙatar a gaya masa abu uku da harshensa: wane mazubi aka hana, wane aka yarda da shi, kuma nawa ne tara. Shirin minti talatin da jami'in hukumar shara ta LAWMA a gefe ɗaya, shugaban masu shayi a ɗaya gefen, da layin waya a buɗe, zai yi abin da motar kame ba za ta yi ba.

Maganar masu kurar shara ta fi wannan sarƙaƙiya. Gwamnati ta haramta sana'arsu a Janairun 2018, tana cewa sukan karɓi kuɗin mutane su juye sharar a magudana ko bakin titi cikin dare. Akwai gaskiya a nan. Mazauna lunguna kuma suna cewa motar shara ba ta shiga layinsu, in ma tana shiga sai ta yi makonni ba a gan ta ba, don haka mai kura ne mafita. Nan ma akwai gaskiya. Yawancin masu wannan sana'a, da 'yan jari-bola da ke tsince ƙarfe da roba a jujin Olusosun na Ojota, wanda ya kama da wuta a Maris na wannan shekara ta 2018, 'yan Arewa ne da 'yan Nijar. Su ne suka fi kowa sanin inda sharar birnin ke taruwa da inda take maƙalewa, amma da wuya a ji muryarsu a muhawarar da ake yi a kansu. Ana maganarsu a matsayin matsala, ba a tambayarsu a matsayin masu sani.

Haka abin yake ga 'yan ga-ruwa. Da amai da gudawa ya ɓarke a Legas a Yunin 2024, ƙaramar hukumar Tsibirin Legas, wadda ke manne da Obalende, ita ce ta fi yawan waɗanda suka kamu. A unguwannin da famfo ba ya kawo ruwa, jarkar ɗan ga-ruwa ce ke shiga gida-gida. Idan ana son saƙon wanke jarka da sanin rijiyar da ake ɗiba ya yi aiki, shi ne mutum na farko da ya kamata ya ji shi, da Hausa, a lokacin da yake hutawa. Mahautan Oko-Oba ma suna da nasu: inda jini da ƙazantar mayanka ke kwarara, da dokar ɗaukar nama a mota mai sanyi maimakon bayan babur.

Siyasa kuwa a Legas takan zo wa ɗan Arewa ne a sifar wa'adi. Ran 1 ga Fabrairu, 2020 aka taƙaita acaɓa da keke napep a manyan sassan birnin. Ran 1 ga Yuni, 2022 gwamnatin Sanwo-Olu ta hana acaɓa kwata-kwata a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Apapa, Lagos Mainland, Tsibirin Legas da Eti-Osa, wadda Obalende ke cikinta. Bayan wata uku aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Babur ɗin da aka kama niƙe shi ake yi. A watan Mayun 2022 ne kuma aka ba mazauna Alaba Rago kwana 14 su tashi. Ana iya yarda da dalilan gwamnati na haɗurra da tsaro, ana iya ƙin yarda. Abin da ba shi da daɗin ji shi ne saurayin da ya sayar da akuyoyin gidansu a Jigawa ko Yobe ya sayi babur, ya hau tirela ya sauka Legas, ba tare da ya san titin da aka hana shi bi ba sai da ya ga an ɗaga mashin ɗinsa an jefa a mota.

Akwai kuma ranakun tashin hankali, waɗanda a cikinsu rashin sahihiyar murya kan zama asarar rai. Rikicin Shagamu na Yulin 1999 ya jawo ramuwar gayya a Kano cikin 'yan kwanaki. Ketu da Mile 12 sun ƙone a Nuwambar 1999. Idi-Araba ta biyo baya a Fabrairun 2002, mako guda bayan fashewar ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja. A Maris 2016 an sake yi a Mile 12 har aka rufe kasuwar. A duk waɗannan, jita-jita ta riga gaskiya isa, ta ninka adadin gawa, ta sauya wanda ya fara. A da direbobin manyan motoci ke kai labari Arewa. Yau saƙon murya na WhatsApp ne, wanda kan isa Gusau kafin 'yan sanda su iso wurin. Maganin wannan shi ne muryar da mutane suka riga suka saba da ita a ranakun lafiya, wadda za ta ce ga abin da ya faru, ga Sarkin Hausawa da Baale, mai unguwar Yarbawa, zaune tare, ga titin da za a kauce wa. Ba a ƙirƙirar irin wannan amana ranar da wuta ta tashi.

Kano ta nuna abin da rediyon gari zai iya. Tun da Freedom Radio ta fara aiki a ƙarshen 2003, shirye-shirye irin su Inda Ranka suka koya wa talaka cewa zai iya kai kukan taransifomar unguwarsu gidan rediyo, a kira jami'in da abin ya shafa a tambaye shi. Mai kira ya yi sallama, ya ce "Malam, barka da aiki," ya faɗi unguwarsa, sannan ya zube damuwarsa, ya rufe da "a taimaka a duba mana, ranka ya daɗe." Ba duk abin da Kano ta yi ne abin koyi ba. Sojojin baka, masu sayen fili su zagi abokin hamayyar ubangidansu, sun ɓata wani ɓangare na siyasar rediyo a can, kuma a gari mai ƙabilu da yawa irin Legas wannan salon zai iya zama masifa. Abin ɗauka shi ne bin diddigi: a kawo kuka, a nemi amsa, a dawo bayan mako biyu a faɗi ko an gyara.

Kuma akwai abin bi. Legas na da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, ciki har da Ikoyi-Obalende da Orile-Agege, kowanne da ciyaman da kansiloli da kasafin kuɗi. Kakakin majalisar jiha, Mudashiru Obasa, wanda aka tsige ran 13 ga Janairu, 2025 ya kuma dawo kujerarsa a farkon Maris, Agege yake wakilta. A 2019 an naɗa ɗan al'ummar Arewa, Kabiru Ahmed Abdullahi, kwamishina a jihar. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 tazarar da ke tsakanin Peter Obi da Bola Tinubu a Legas ba ta kai ƙuri'a 10,000 ba. Al'ummar da ke da rumfunan zaɓe cike a Agege da Idi-Araba da Mile 12, wadda kuma ta nuna a Fabrairun 2021 cewa idan motocin tumatir da shanu suka tsaya kwana kaɗan farashi zai tashi a duk birnin, ba ƙaramar al'umma ba ce. 'Yan siyasa sun san haka, shi ya sa tallar kamfe da Hausa kan yawaita idan zaɓe ya matso. Bayan rantsuwa ne ake neman mai tambaya a rasa.

Fannin fasaha shi ya fi zama maraya. Ana dambe a Legas, da kiɗan kalangu da kirari, har hotunansa sun zagaya duniya ta YouTube. Ana Maulidi da mandiri, ana bikin mahauta, akwai matasa masu rera waƙa a ƙananan situdiyo, waɗanda aka haifa a Agege, suke Hausa da Yarbanci da buroka a jimla ɗaya, wasunsu ba su taɓa ganin Dala ba. Akwai matan aure masu sana'ar cikin gida da malaman Islamiyya mata waɗanda rediyo ne abokin hirarsu tun safe. Yawancin abin da ya rage mana na manyan mawaƙan Hausa ya tsira ne saboda wani ma'aikacin rediyo ya kunna na'ura ya naɗa. Dattawan da suka ga Obalende kafin a yi gada, da waɗanda suka yi fataucin goro a jirgin ƙasa, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma tarihin Hausawan Ikko yana cikin bakinsu.

Maƙwabta sun riga mu. A Nijar an buɗe rediyon al'umma na farko a Bankilare a 1999, yau irinsa sun haura ɗari, kuma tun 2016 Studio Kalangou ke haɗa musu labarai da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci da Faransanci. A Ghana gidan rediyon gwamnati ya daɗe da sanya Hausa cikin harsunan da yake watsa shiri da su, mutanen zangon Kumasi kuma suna da Zuria FM. A Najeriya sai 1992 aka yi dokar da ta ba 'yan kasuwa damar mallakar tasha, Raypower ta fara a Legas a 1994, lasisin rediyon al'umma kuwa sai 2015 aka ba da guda 17 na farko. Tsarin mulki ya ɗora amincewa da kowace tasha a hannun shugaban ƙasa, abin da ke sa hanyar ta yi tsawo. Shi dai wannan tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi ikon karɓar kuɗin lasisin rediyo da talabijin, kuma mai shago a Agege yana cikin masu biya.

Tashoshin nesa ma ba su da tabbas. Gwamnatin sojan Nijar ta dakatar da Rediyon Faransa a Agustan 2023, ta dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024. A Maris 2025 Muryar Amurka ta yi shiru bayan umarnin fadar shugaban ƙasarsu, sashen Hausa ma bai tsira ba.

Saboda haka aikin ya rage ga mutanen gida. Hukumar FRCN da gidan rediyon jihar Legas su ware wa Hausa lokaci tsayayye a kullum, da wakilai masu shiga kasuwa da mayanka da sakatariyar ƙaramar hukuma, ba masu karanta fassarar sanarwa kaɗai ba. Sarakunan Hausawa na Agege da Obalende da Idi-Araba, da ƙungiyoyin 'yan gwari da dillalan shanu da 'yan canji, suna da ƙarfin da za su ɗauki nauyin shirin awa guda a kowace rana tun daga yanzu, su kuma haɗa takardun neman lasisin tashar al'umma tasu. Sharaɗi ɗaya ne: duk wanda ya biya kuɗin fili ya yarda a yi masa tambaya a cikinsa kamar kowa.